YADDA AKE AUNA ƘOƘARIN 'YAN MAKARANTA DA YADDA AKE BAYYANA SAKAMAKO

Gabatarwa

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, gidaje da yawa a ƙasar nan sukan shiga zullumi. Yaro ya gama rubuta jarrabawa, an zauna jiran sakamako. Ranar da ya fito, wani gida a yi murna, wani gida kuwa a yi jugum. Amma cikin masu murnar da masu baƙin cikin, kaɗan ne za su iya bayyana yadda aka yi lissafin da ya haifar da wannan sakamako, ko abin da haruffa da lambobin da ke cikin takardar suke nufi.

Wannan rashin sani yana jawo hasara. Shi ne yake sa uba ya yi wa ɗansa faɗa a kan abin da ba faɗuwa ba ne. Shi ne yake sa uwa ta sayar da akuyarta ta miƙa wa ɗan damfara kuɗi, wai don ya ƙara wa 'yarta maki. Shi ne kuma yake sa yaro mai ƙwazo ya rasa gurbin karatu saboda kuskuren suna da ba a lura da shi ba sai da lokaci ya ƙure.

An shirya wannan ɗan littafi domin iyaye da malamai da 'yan makaranta. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, sakamako tara shi ake yi kaɗan-kaɗan tun daga ranar da yaro ya shiga aji, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu. Wanda ya san yadda ake tara shi, shi ne zai iya taimakon ɗansa tun da sauran lokaci.

Yadda Aka Faro

A zamanin mulkin Turawa, daga Ingila ake shirya jarrabawar ƙarshe ta makarantun sakandare, musamman daga Jami'ar Kambirij. A shekarar 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, domin ƙasashen Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya. Laberiya ta shigo a 1974. Babbar hedkwatar hukumar tana Akra ta ƙasar Gana, babban ofishinta na Nijeriya kuwa yana Yaba a birnin Ikko.

A tsohon tsari, yaro a jihohin Arewa yakan yi shekara bakwai a firamare, sa'an nan shekara biyar a sakandare. A ƙarshen shekara ta biyar sai ya zauna jarrabawa guda ɗaya, a ba shi daraja ta ɗaya, ko ta biyu, ko ta uku, ko kuwa a ce ya faɗi. Illar wannan tsari a fili take. Ɗalibin da ya yi shekara biyar yana ƙoƙari, idan zazzaɓi ya kama shi a makon jarrabawa, wahalarsa ta tashi a banza. Wanda kuwa ya yi shekarun yana wasa, idan ya iya haddar dare ɗaya, ko ya sami satar amsa, sai ya fita da takarda mai kyau.

Masana ilmi sun tattauna wannan matsala da makamantanta a babban taron manhajar karatu da aka yi a Ikko a 1969. Shawarwarin taron su ne suka share hanyar Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda Gwamnatin Tarayya ta fitar a 1977, shekara guda bayan an ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976. Manufar ta zo da abu biyu da suka shafi wannan darasi. Na farko shi ne tsarin 6-3-3-4, watau shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. An fara aiki da shi a 1982, aka kuma yi jarrabawar gama babbar sakandare ta farko a 1988. Na biyu shi ne awon yau da kullum, wanda malamai da ɗalibai suke taƙaitawa da C.A.

A 1999 aka ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya na tushe a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. Dokar ta haɗa firamare da ƙaramar sakandare suka zama shekara tara a jere, kyauta kuma wajibi a kan kowane yaro.

Mene Ne Awon Yau da Kullum?

Awon yau da kullum shi ne malami ya riƙa gwada ɗalibi a kai a kai cikin zangon karatu, yana rubuta abin da ya samu, maimakon a jira ƙarshen shekara. Shekarar makaranta zango uku ce. A kowane zango akan yi ƙananan gwaje-gwaje, da aikin aji, da aikin gida, wani lokaci da aikin hannu da yara za su yi a ƙungiya. Galibin makarantu sukan ware maki 30 ko 40 cikin 100 domin waɗannan, ragowar 70 ko 60 kuwa na jarrabawar ƙarshen zango ne.

Abu uku ake dubawa. Na farko shi ne sani da fahimta, watau abin da yaro ya gane a darasi. Na biyu shi ne hali: zuwa makaranta a kan kari, tsabta, gaskiya, ladabi, da zama lafiya da 'yan'uwa. Na uku shi ne iya aiki da hannu da jiki, kamar kyawun rubutu, da zane, da wasanni, da sarrafa kayan aiki. Domin haka ne ake ganin ƙananan gidaje a gefen katin sakamako inda malami yake ba da lamba a kan hali da ƙwarewa. Iyaye da yawa ba sa kallon wannan gefe, alhali kuwa sau da yawa a nan ne ake fara ganin alamar matsala.

Ga misali domin a gane yadda lissafin yake. A ɗauka makaranta tana ba da maki 40 ga awon yau da kullum, 60 ga jarrabawa. Wata yarinya ta sami 7 cikin 10 a gwaji na farko, 8 a na biyu, 9 a aikin gida, 6 a aikin aji. Jimla 30 ke nan cikin 40. A jarrabawar ƙarshen zango ta sami 33 cikin 60. Idan aka haɗa, ta tashi da 63.

Wani yaro a ajin nan ya fi ta kaifin ƙwaƙwalwa, amma ana yawan tsare shi a gida domin aikin gona ko zuwa kasuwa. Ya sami 4 a gwaji na farko, bai halarci na biyu ba, ya sami 5 a aikin gida, 3 a aikin aji. Jimlarsa 12 cikin 40. Ranar jarrabawa ya yi rawar gani, ya sami 45 cikin 60. Duk da haka ya tashi da 57, ƙasa da yarinyar da ya fi da maki 12 a jarrabawa. Ranar da aka hana shi zuwa makaranta, ranar ce aka rage masa maki, ko da yake ba wanda ya lura a lokacin. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma batun matsayi a aji. Tambayar da uba yakan fara yi ita ce, na nawa ka zo? Wannan tambaya ba ta isa ba. Yaro yana iya zuwa na uku a aji mai rauni da matsakaicin maki 48, wani kuma ya zo na ashirin a aji mai ƙwazo da matsakaicin maki 65. Matsayi yana nuna yadda yaro yake a tsakanin abokan ajinsa ne kawai. Abin da ya fi amfani shi ne a duba makin kowane darasi, a gwada shi da na zangon da ya wuce, a ga inda aka ci gaba da inda aka koma baya.

Mataki na Farko: Firamare

Bisa ga Manufar Ilmi ta Ƙasa, takardar shaidar gama firamare ta dogara ne ga awon yau da kullum, hedimasta kuma shi ne yake bayar da ita. Ban da wannan, jihohi da dama sukan shirya tasu jarrabawar a ƙarshen aji shida domin rarraba yara zuwa makarantun sakandare, musamman na kwana.

Yaron da ake so ya shiga ɗaya daga cikin kwalejojin Gwamnatin Tarayya, watau makarantun haɗin kan ƙasa, sai ya zauna jarrabawar shiga ta ƙasa baki ɗaya wadda hukumar NECO take shiryawa. Waɗannan kwalejoji sun haura ɗari. Cikinsu akwai tsofaffi kamar King's College ta Ikko da aka buɗe a 1909, da Queen's College da aka buɗe a 1927, da waɗanda aka kafa daga baya a Sakkwato da Warri da sauran wurare. Wajen ɗaukar ɗalibai ana duba cancanta, ana kuma ware wa kowace jiha rabonta, domin yaran ƙasar nan daga kowane sashe su tashi tare su san juna.

Mataki na Biyu: Ƙaramar Sakandare

A ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, watau bayan shekara tara da fara karatu, ɗalibi yakan zauna jarrabawar shaidar ilmin tushe. Ma'aikatun ilmi na jihohi su ne suke shirya wa makarantunsu, NECO kuma tana shirya wa kwalejojin Gwamnatin Tarayya da waɗansu makarantu masu zaman kansu da suka nema. Ana haɗa makin awon yau da kullum da na jarrabawar kafin a fitar da sakamako.

Mutane sukan raina wannan mataki, amma a nan ne hanya take rabuwa. Da sakamakon nan, tare da shawarar malamai, ake duba ko ɗalibi zai fi dacewa da ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci, ko kuwa kwalejin koyon sana'a. Uban da ya tilasta wa ɗansa shiga ajin kimiyya alhali katin sakamako na shekara uku yana nuna rauni a Lissafi, bai taimake shi ba. Haka nan kuma, bai kamata a cire yarinya daga makaranta a wannan gaɓa ba alhali takardunta suna nuna za ta iya kaiwa ko'ina.

Mataki na Uku: Babbar Sakandare

A ƙarshen babbar sakandare akwai hukumomi huɗu da suke ba da takardar shaida.

Ta farko ita ce WAEC, wadda aka ambata a baya. Ta biyu ita ce Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, wadda aka kafa a 1999 da hedkwata a Minna, ta kuma gudanar da jarrabawar gama sakandare ta farko a shekarar 2000. Ta uku ita ce NABTEB, wadda aka kafa a 1992 da hedkwata a Binin, domin ɗaliban sana'o'i da harkokin kasuwanci. Ta huɗu ita ce NBAIS, mai kula da jarrabawar makarantun Larabci da nazarin addinin Musulunci.

WAEC da NECO kowace tana da jarrabawa iri biyu. Akwai ta 'yan makaranta, wadda ake yi wa ɗaliban aji uku a makarantarsu. WAEC takan yi tata tsakanin Afrilu da Yuni, NECO kuma ta biyo baya. Akwai kuma ta masu zaman kansu, domin wanda ya riga ya gama makaranta yana son ya gyara darasin da ya faɗi. Ɗalibi yakan yi rajistar darussa takwas ko tara. A waɗansu jihohi, kamar Kano, akan yi jarrabawar tantancewa tun a aji biyu domin zaɓen waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin rajista.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, a jarrabawar 'yan makaranta ma awon yau da kullum yana da rabo. Makaranta tana aika wa hukuma makin ɗalibi na shekaru uku na babbar sakandare, a haɗa shi da na babbar jarrabawa. Saboda haka idan za a sauya wa yaro makaranta, lalle ne a karɓi takardar canji tare da bayanin makinsa na baya, a miƙa wa sabuwar makarantar. Yawan sauya makaranta a shekarar ƙarshe, don neman inda aka ce ana cin jarrabawa a sauƙaƙe, yakan jefa ɗalibi cikin rikici.

Mataki na Huɗu: Shiga Manyan Makarantu

Kafin 1978 kowace jami'a ita take shirya hanyar ɗaukar ɗalibanta. Wani ya sami gurbi a jami'o'i uku, wani bai sami ko ɗaya ba. Domin maganin wannan aka kafa hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka mayar da ita jarrabawa guda domin shiga jami'a, da kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin horar da malamai. Darussa huɗu ake yi, Turanci wajibi ne, sauran ukun kuwa sun danganta da abin da mutum yake son ya karanta. Jimlar maki 400 ne. Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa.

Kowace shekara shugabannin manyan makarantu sukan zauna da hukumar su tsayar da mafi ƙarancin makin da za a karɓa. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na malamai. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, fannoni kamar likitanci da shari'a kuwa sukan bukaci maki mai yawa ƙwarai. Makarantu da yawa sukan yi nasu tantancewar bayan ta JAMB. Sa'an nan dole mai neman jami'a ya kasance da kiredit biyar a darussan da suka dace, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi ga masu neman kimiyya da fasaha da makamantansu. Ana iya haɗa sakamakon zama biyu, amma waɗansu fannoni ba sa karɓa sai na zama ɗaya.

Yadda Ake Duba Takardu

Malamin makarantar ɗalibi ba shi ne yake duba takardarsa ta babbar jarrabawa ba. Tambayoyin zaɓen amsa, waɗanda ake cike gurbinsu da fensir, na'ura ce take karanta su. Domin haka wanda bai cike lambarsa daidai ba, ko ya cike gurbi biyu a tambaya ɗaya, ya cuci kansa. Takardun dogon rubutu kuwa ana kai su cibiyoyin dubawa. A can ake tara ƙwararrun malamai, a zauna a daidaita ƙa'idar ba da maki kafin kowa ya taɓa takarda. Kowane rukuni yana da shugaba mai sake duba wani kaso na aikin waɗanda ke ƙarƙashinsa, a samansu kuma akwai babban mai dubawa na kowane darasi. Bayan an gama, manyan masu dubawa sukan rubuta rahoto a kan kurakuran da ɗalibai suka fi yi. Wannan rahoto yana da amfani ƙwarai ga malamai da ɗalibai masu zuwa.

Ma'anar Haruffa da Lambobi

Darajojin sakamakon WAEC da NECO tara ne. A1 ita ce mafi girma. Daga ita sai B2, da B3, da C4, da C5, da C6. Duk waɗannan shida kiredit ne. D7 da E8 tsallakewa ce kawai, ba sa shiga lissafin kiredit biyar da jami'o'i suke nema. F9 ita ce faɗuwa. A ma'aunin da makarantu suka saba amfani da shi, A1 tana farawa daga maki 75, C6 daga 50, abin da ya gaza 40 kuwa F9 ne.

A lura, a nan ƙaramar lamba ita ce mai daraja. An sha ganin mahaifin da ya ɗauka 9 ta fi 1. Haka kuma C6 a Turanci ta fi amfani ga mai neman jami'a a kan A1 a darasin da ba a bukata a fanninsa.

Yadda Ake Bayyana Sakamako

A da, sakamako yakan zo makaranta ne a dogayen takardu, a lika a allon sanarwa, ɗalibai su yi cincirindo suna neman lambobinsu. Mutumin ƙauye yakan yi tafiya mai nisa domin ganin layi guda. Yanzu hanyar ta sauya.

Da farko shugaban hukuma yakan kira 'yan jarida ya bayyana jimlar waɗanda suka zauna, da kason da ya sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da yawan sakamakon da aka riƙe. Misali, a jarrabawar WAEC ta 'yan makaranta, kason ya kai kusan 80 cikin 100 a 2023, ya sauko zuwa kimanin 72 a 2024. Waɗannan alƙaluma na ƙasa baki ɗaya ne. Suna taimakon gwamnati wajen tsara aiki, amma ba sa faɗin kome a kan yaro guda.

Ɗalibi kuwa yana duba nasa a shafin intanet na hukumar, da lambar jarrabawarsa da lambar sirri. Na JAMB ana iya samunsa ta saƙon waya, daga layin da aka yi rajista da shi. Makaranta ma tana samun jerin sakamakon ɗalibanta. Sakamakon WAEC na 'yan makaranta galibi yakan fito a watan Agusta, na NECO kuma ya biyo baya. Takardar da aka buga daga intanet sanarwa ce kawai. Takardar shaida ta asali daban take, tana zuwa daga baya, kuma tun 2022 WAEC ta buɗe hanyar samun ta a intanet.

Idan An Riƙe Sakamako ko An Yi Kuskure

Wani lokaci ɗalibi yakan duba ya tarar ba daraja a gaban wani darasi. Dalilan sun bambanta. Idan an nuna ba a kammala ba, ma'anarsa ana kan aiki, sau da yawa saboda kuskuren lamba ko na rajista. Idan an nuna bai halarta ba alhali ya zauna, sai a kai ƙara ta hannun shugaban makaranta, domin akwai takardar sa hannu ta masu halarta. Idan an nuna an riƙe, to ana zargin maguɗi ne, a kan ɗalibin ko a kan cibiyar gaba ɗaya. Kwamitin hukuma zai bincika, ya saki sakamakon ko ya soke shi.

Hukumomin jarrabawa ma mutane ne suke tafiyar da su, suna iya kuskure. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi sakamakon masu jarrabawa kusan 380,000 a Ikko da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A wannan shekarar kuma WAEC ta fara sanar da cewa kimanin kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure wajen duba waɗansu takardu, ta gyara, kason ya koma kusan 63. Darasin da ke ciki shi ne, mai ƙorafi na gaskiya yana da hanya: ya rubuta ta hannun makarantarsa, ko ya je ofishin hukuma na jiharsa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai ƙara maki, ko zai saki sakamakon da aka riƙe, ɓarawo ne.

Maguɗi da Hukuncinsa

Satar jarrabawa tsohuwar cuta ce. A 1977 tambayoyin WAEC sun fita kafin lokaci har sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai wannan laifi. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri ga ɗalibi, ga malami ko mai tsaron jarrabawa kuwa ɗauri ba zaɓin tara. Ban da wannan, hukuma tana iya soke sakamako, ta hana ɗalibi sake zama na wani lokaci, ta kuma janye amincewarta ga makaranta.

Amma babbar hasarar ba a kotu take ba. Wanda aka saya wa kiredit a ilmin haɗa magunguna, gobe shi ne zai tsaya a ɗakin magani. Wanda aka rubuta wa Lissafi, shi ne zai auna ƙarfen gada. Idan takardar shaida ta daina nuna gaskiya, har mai gaskiya ma tasa ta rage daraja. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da Ya Wajaba a Kan Iyaye

1. A karɓi katin sakamako kowane zango, a duba shi darasi bayan darasi. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi amintacce ya karanta masa, ko ya je wurin malamin aji.

2. A tabbata yaro yana zuwa makaranta kullum, domin gwajin da ya wuce shi maki ne ya rasa.

3. A adana katunan sakamako da takardun shaida a wuri guda, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba.

4. A tabbata sunan yaro, da jerin sunayen, da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a takardar haihuwa, da rajistar makaranta, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, a gyara kafin rajista, domin gyara bayan takardar shaida ta fito yana cin lokaci da kuɗi.

5. Kada a ba kowa lambar sirri ta duba sakamako, kada kuma a yar da layin wayar da aka yi rajista da shi.

6. Idan yaro ya faɗi, a zauna da shi da malaminsa a gano dalili. Akwai damar sake zama, mutane da yawa kuma sai a karo na biyu suka ci. Zagi da gori ba sa ƙara maki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Uban da ya fara duba littattafan ɗansa tun yana aji ɗaya, ba zai firgita ba ranar da sakamakon ƙarshe ya fito.

Tambayoyi Domin Bita

1. Waɗanne abubuwa uku ake dubawa a awon yau da kullum?

2. Ɗalibi ya sami 26 cikin 40 a awon yau da kullum, ya sami 29 cikin 60 a jarrabawa. Nawa ne jimlarsa?

3. Waɗanne darajoji ne kiredit, waɗanne ne ba kiredit ba?

4. Mene ne bambanci tsakanin sakamakon da ba a kammala ba da wanda aka riƙe?

5. Ina ya kamata mai ƙorafi a kan sakamako ya fara zuwa?